Ina son sayen babban jirgin masunta na hannu don fita da iyali

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Hotoro, cikin birnin Kano. Ina da ɗan kwalekwale mai ƙaramin inji a Tiga, da shi nake zuwa jefa fatsa ranakun hutu, mutum biyu yake ɗauka. Yanzu ina son babba wanda zan riƙa fita da iyali: ni, maiɗakina, mahaifiyata da yara biyar, babban ɗan shekara 14, autar 'yar shekara uku. Wani dillali ya turo min bidiyon jirgin faiba na masunta daga Warri, tsawonsa ƙafa 19, faɗinsa ƙafa biyar, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Ya ce in tura kafin alƙalami yau domin akwai wani mai so. Wani abokina kuma ya ce in bar faiba in sayi na katako daga Yawuri, ya fi girma, ya fi araha. Ga uwargida ta kafe, ta ce ita da 'ya'yanta ba mai shiga ruwa tun abin da ya faru a Bagwai. Wanne zan saya, kuma yaya zan shawo kanta?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka tura ko kwabo yau. Jirgin hannu ba a sayensa ta bidiyo, kuma maganar "akwai wani mai so" tsohon zance ne a bakin dillalai. In da gaske akwai shi, to ya saya, Allah Ya sa rabonsa ne.

Bari mu fara da uwargida, domin ita ce ta taɓo ainihin matsalar. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ya taso daga ƙauyen Badau ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa rai aƙalla 29, mafi yawansu yara. Abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne lodi fiye da ƙima. Saboda haka tsoronta yana da tushe, kuma tambayar da take yi a zuci ita ce wadda ya kamata ka fara yi wa kowane jirgi: nauyi nawa yake ɗauka cikin aminci? Amsar ba ta cikin girman jirgin a ido.

Jirgin masunta an ƙera shi ne don aikin masunta. Siriri ne domin ya tsaga ruwa da man fetur kaɗan. Gefensa gajere ne domin a jawo raga daga ruwa ba wahala. Kayan da yake ɗauka kifi ne da ƙanƙara, waɗanda ake zubewa a ƙasan jirgi su zauna inda aka ajiye su. Iyali kuwa suna zaune ne a kan benci, nauyinsu a sama, kuma motsi suke yi. Yaro ɗaya ya ce "ga tsuntsu can", sai kowa ya karkata gefe guda. Jirgin da zai ɗauki rabin tan na kifi lafiya lau zai iya shan ruwa da mutum takwas idan suka yi haka lokacin da igiyar ruwa ta bugo shi daga gefe.

Akwai lissafin da ake amfani da shi ga ƙananan jirage da ba su kai ƙafa 20 ba idan babu farantin maƙera da ya faɗi iyakar nauyi: a ninka tsawo da faɗi, a ƙafa, a raba da 15. Naka 19 sau biyar ya ba da 95, a raba da 15 ya zama mutum shida, kuma lissafin ya ɗauka kowane mutum bai wuce kilo 68 ba, ruwa kuma a kwance yake. Wato wajen kilo 410 ke nan. Yanzu ka auna naka. A ce kai kilo 85, uwargida 70, Hajiya 60, yara biyar a haɗe 155, an kai 370. Ƙara tankin mai biyu na lita 25, kusan kilo 40. Ƙara kula ta abinci, ruwan sha, anka da igiya, kayan fatsa, wani kilo 50 ɗin. Ka wuce 450, ba ka ma sa mutumin da zai taimaka maka da tuƙi ba. Wannan jirgin na Warri ya yi wa iyalinka gaba ɗaya kaɗan, ko da sabo ne fil. Zai yi daidai da mutum biyar da kayansu. Idan kana son takwas a lokaci guda, faɗi za ka nema kafin tsawo: ƙafa shida da rabi ko bakwai, gefe mai zurfi, da benci da ke ƙasa-ƙasa. Ka kuma duba ko akwai farantin maƙera a manne kusa da bangon baya. In akwai, abin da ya faɗa shi ne magana, ya fi wannan lissafin.

Maganar na katako daga Yawuri ba ta da tsawo. Maƙeran can sun iya aikinsu, jiragensu suna ɗaukar kaya sosai a Kogin Kwara da tafkin Kainji. Amma jirgin katako a ruwa yake rayuwa. Katakon yana shan ruwa ya kumbura, shi ne yake toshe tsakanin alluna. Ka fito da shi ka ajiye a Kano cikin hunturu, iskar nan mai busar da leɓe za ta buɗe kowace gaɓa cikin 'yan makonni, ranar da ka mayar da shi ruwa sai ya riƙa sha ta ko'ina. Ga nauyi, ba a jansa da ƙaramar mota. Ba zai yi maka ba sai idan kana da amintaccen masunci a Tiga wanda zai riƙe shi a ruwa, ya kwarfe shi bayan kowane ruwan sama, ya riƙa cusa auduga da kwalta inda ya buɗe. In kuwa haka za a yi, ka je da tsinin sukundireba ka soka a gindin kowane haƙarƙari da wurin da ƙusoshi suke. Inda ya nutse ba gardama, katakon ya ruɓe. Sabon fenti a kan tsohon jirgi dalili ne na ƙara dubawa.

Don haka faiba ta fi dacewa da mai fita jefi-jefi. Sai dai mutane suna ɗauka faiba ba ta ruɓewa, alhali a cikin mafi yawan waɗannan jiragen akwai katako a ɓoye. Bangon baya, inda ake ɗaure inji, galibi falankin katako ne aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Ruwa yana shiga ta ramukan noti, katakon ya ruɓe a ciki, waje kuma yana ƙyalli. Wannan shi ne babban abin dubawa, domin injin doki 40 ya haura kilo 70, kuma duk ƙarfin turawarsa a kan wannan bango yake sauka. Ga yadda ake gwada shi. Ka ɗaga ƙafar injin sama, wato dogon sashen da ke shiga ruwa, ka kama ta ka danna ƙasa da ƙarfinka, wani yana kallon bangon. Idan ya lanƙwasa ko kaɗan, ko tsaga ta buɗe a kusurwa, an gama magana. Sannan ka bi shi da ƙaramar guduma ko ƙotar sukundireba kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayye yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe yana ba da ƙara a dushe. Ka sa a kwance noti ɗaya na ƙasa. In baƙin ruwa ya biyo shi, katakon ya jiƙe. Ka lura da faranti na ƙarfe ko alminiyam da aka ɗaura a bangon baya, sau da yawa rufin asiri ne aka yi wa ruɓa. Gyaran wannan wuri yana nufin yanke faiba, fitar da katako, a sake ginawa, kuma masu liƙin bamba na mota ba aikinsu ba ne.

Daga nan ka taka ko'ina a daɓen jirgin da ƙafarka. Inda ya yi laushi, katakon ƙarƙashi ya tafi. Jirage da yawa suna da soso mai hana nutsewa a ƙarƙashin daɓe ko cikin benci. Amfaninsa shi ne ko jirgi ya cika da ruwa ba zai tafi ƙasa ba, mutane su samu abin riƙewa. Idan ya tsufa yana shan ruwa, sai ya koma kaya maimakon taimako. Alamarsa ita ce jirgi ya yi nauyin da ya fi ƙarfin girmansa, ko a ɗaga gabansa a buɗe ramin zubar ruwa na baya, ruwa ya yi ta ɗiga ba ya ƙarewa. Wasu jiragen masunta ma ba su da soson sam. Irin wannan ba a sa yara a ciki sai an ƙara masa. Sai ka sa a kifa jirgin ko ka shiga ƙarƙashinsa. Ƙashin bayansa ya sha ja a kan yashi, don haka ka duba ko ya suɗe har zaren faiba ya fito. Ƙananan tsage-tsage a fatar sama ba su cika zama matsala ba. Doguwar tsaga mai bin tsawon jirgi, ko faci mai kumburi, ko wurin da yake shiga in ka tura da tafin hannu, su ne abin gudu.

Yanzu inji, inda rabin kuɗinka ko fiye zai tafi. Ka koma ka sake kallon bidiyon da aka turo maka. Idan an tayar da injin a kan tudu ba tare da an tsoma ƙafarsa a durom na ruwa ba, to a gabanka aka yi masa illa. A cikin ƙafar akwai wata roba mai fukafukai da ke tura ruwan sanyaya inji, ruwan ne kuma yake hana ta ƙonewa. In ta juya a bushe, ko minti ɗaya ba ta kaiwa take lalacewa. Mai jirgin da yake yin haka don ya burge mai saye, ka san yadda ya riƙe injin shekara da shekaru.

Abu na biyu, injin da ya yi aiki a yankin Warri ko Legas ko Fatakwal mai yiwuwa ya sha ruwan gishiri. Gishiri yana cin alminiyam, yana toshe hanyoyin ruwa a cikin inji, yana kama notuna har sai sun karye wajen kwancewa. Ka cire murfin sama ka duba farin gari a gefen gaskit da kan notuna. Ka duba ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙafar inji don gishiri ya ci shi maimakon jikin injin. In ya cinye ƙarƙaf ko babu shi ko an shafe shi da fenti, jikin injin ne ya biya.

Ka je da makanikinka, ba na mai sayarwa ba, kuma ku isa inji yana sanyi. Ɗora hannu a kansa ka tabbatar, domin injin da aka ɗumama kafin zuwanku yana ɓoye wahalar tashi. Lafiyayyen inji yana tashi a ja biyu zuwa huɗu. Da ya tashi ka kalli ɗan ramin da ke fitar da ruwa a gefe. Ruwan ya fito da ƙarfi a miƙe. In ɗiga yake yi, ko robar famfo ta gaji ko hanya ta toshe. A cire fulogi a duba: launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, wanda ya yi fes kamar an wanke shi alamar ruwa na shiga silinda ne. A sa ma'aunin matsi a kowace silinda. Yawancin masu lafiya irin wannan suna haura 100 a ma'aunin psi, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silindun biyu su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Ɗaya 120 ɗaya 90, fistin ko zobensa ya tafi, ka bar shi.

Sai man giya. A ƙasan ƙafar akwai noti, a sassauta shi a tari ɗan mai a farar takarda. Mai launin zuma ko duhu ba laifi. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga giya. Sanadin da ya fi yawa a jirgin masunta shi ne zaren raga ko na fatsa da ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Don haka a cire farfelar a duba bayanta. In akwai ɓurɓushin ƙarfe manya a jikin notin, haƙoran giya sun fara ci. Ka juya farfelar da hannu, giya tana sake, ka kalli tsakiyarta. In tana rawa, sandar ta lanƙwashe, ta taɓa dukan dutse ko kututture. A ƙarshe ka gwada tsawon ƙafar da tsayin bangon baya. Akwai gajeriyar ƙafa ta inci 15 da doguwa ta inci 20. Dillalai suna haɗa jirgi da duk injin da ya samu, kuma gajeriyar ƙafa a kan dogon bango tana sa farfela shaƙar iska, inji ya yi ta ihu jirgi ba ya tafiya, famfon ruwa ma ya rasa abin ja.

Duk wannan dubawar tudu ce. Ba a biya sai an gwada a ruwa, kuma da nauyi. Ka sa buhunan yashi ko manyan mutane masu iya iyo daidai nauyin iyalinka, a yi tafiya ta aƙalla rabin sa'a, minti biyar a ciki a cikakken gudu. Injin da ke da matsalar zafi ko ta mai a nan yake tona kansa. A tsaya, a sa giyar gaba da ta baya sau da yawa, a kashe a sake tayarwa yana da zafi. Sannan ka auna daga saman ruwa zuwa bakin jirgi a wurin da ya fi ƙasa, wanda galibi baya ne. A ra'ayinmu, in bai kai santimita 40 ba da cikakken lodi, ba jirgin yara ba ne. Ka sa mutum biyu su koma gefe guda a hankali ka ga iya karkatarsa. Bayan an dawo a duba ko ruwa ya taru a ciki. Idan zuwa Warri ya yi maka nisa, to jirgin ma ya yi maka nisa. Ka lissafa kuɗin motar da za ta ɗauko shi, ka ga ko arahar tana nan. Ya fi sauƙi ka baza cigiya wurin masunta da masu fito na Tiga, Challawa da Watari, ko ka sayi jiki daban, inji daban.

Injin jirgi abu ne da ake yawan sacewa, saboda haka ka duba lambarsa a jikin maɗaurin da ke kama bangon baya. In an kankare ta ko an cire farantin, ka tashi. A rubuta yarjejeniya da lambar inji, tsawon jirgi, abin da aka haɗa da shi, tanki, tiyo, farfela, da shaidu biyu. A rubuta sharaɗin mayarwa idan wani ɓoyayyen aibi ya bayyana cikin kwanakin da kuka amince. La'adar dillali kuma sai bayan kaya sun zo hannu.

Kada ka kashe duk kuɗin a kan saye. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku, domin ko injin ya ci jarrabawa za ka canja robar famfo, fulogi, man giya, tiyon mai da matacinsa tun ranar farko, kuma robar famfon nan kowace shekara ake sabunta ta. Ka nemo wanda ya iya gyaran irin wannan inji tun kafin ka saya. Mai gyaran babur zai iya wanke kafireta, amma ƙafar inji da giyarta aikin wanda ya saba ne. Mai kuma ba wasa ba ne: injin doki 40 irin mai gauraye yana shan lita 15 zuwa 20 a sa'a in an sake masa wuta, fiye da ninki biyu na ƙaramin da ka saba da shi. A rabin gudu yana raguwa sosai, kuma iyali ba sa bukatar fiye da haka. Yawancinsu ana gauraya fetur kashi 50 da baƙin mai kashi ɗaya, wato rabin lita a tankin lita 25, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin naka. Man da ake sawa shi ne na injin ruwa mai alamar TC-W3, ba na mota ba. Fetur daga gidan mai za ka saya, ba na galan a bakin titi ba. Wanda aka gauraya ya kwana wata biyu a zafin Kano yana daskarar da datti a kafireta, don haka in an dawo a cire tiyo a bar injin ya shanye na cikinsa a ruwa kafin a fito da shi. Ƙa'idar mai a ruwa ita ce kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya.

Ka yanke shawarar inda jirgin zai zauna kafin ya iso. Daga Kano zuwa Tiga wajen kilomita 70 ne ta titin Zariya, Challawa a Karaye ta fi haka nisa. Jirgi da inji da tirela za su iya kusantar tan ɗaya, kuma ba jan a kan kwalta ne wahalar ba, fito da shi daga laka a bakin ruwa ne. Da rani ana sakin ruwan Tiga don noman Kadawa da kewaye, gaɓa ta ja baya, wurin da ka sauke jirgi a Oktoba ya zama taɓo a Afrilu. In tirela za a haɗa maka, a sa boris mai kyau da giris, fitilun baya, sarƙar tsaro da safaya. Ka bar boris ya huce kamar minti 20 kafin ka tsoma tayoyi a ruwa, domin mai zafi yana zuƙo ruwa ya yi tsatsa. Kafin jirgi ya taɓa ruwa, hannunka ya taɓa toshiyar ramin baya. Manta ta ya nutsar da jirage lafiyayyu a bakin gaɓa. In a gida zai zauna, a rufe shi daga rana, gabansa a ɗage, ramin baya a buɗe saboda ruwan sama.

Madatsun Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedikwata a nan Kano, don haka ka je ka ji ƙa'idarsu ta sa jirgi da wuraren da aka hana. Rajistar jiragen ruwa da dokokin tafiya a hannun NIWA suke, wato hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, kuma ta wajabta rigar kariya, ta hana tafiyar dare. Bayan hukuma, ka je ka gaida sarkin ruwa. Tiga an gama ta ne a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, Challawa a 1992, kuma ruwan ya rufe gonaki, duwatsu da itatuwa. Masunta ne suka san inda kututture yake, inda aka shimfiɗa raga, kuma su ne za su fara isowa in wani abu ya faru. Ka riƙe lambar wayar biyu daga cikinsu. Fitar farko da ta biyu da ta uku, ka biya ɗaya ya zauna a jirgin. Kada ka kusanci bangon dam, bakin da ake jan ruwa daga dam ko magudanar ambaliya. Dam ɗin Wasai ya fi kusa da gari, amma ruwan Jakara da dattin birni da na masana'antun Bompai can yake zuba, ba wurin kai yara ba ne.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Farkon damina, Mayu da Yuni, hadari yana tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi kafin ruwa ya sauko, kuma a faɗin Tiga igiyar ruwa tana tashi cikin 'yan mintuna. Da ka ga gabas ta yi duhu, ka nufi gaɓar da ta fi kusa, ba sai inda ka ajiye mota ba. Cikin hunturu hazo yana ɓatar da gaɓa, ruwan kuma yana da sanyin da ke saurin kashe jikin yaro. Fitar safe ta fi, a dawo kafin La'asar. Rumfar inuwa tana da kyau saboda Hajiya da yara, amma ta zama mara nauyi wadda ake naɗewa, domin rumfar ƙarfe da kwano tana kama iska tana ƙara nauyi a sama.

Rigar kariya ita ce sayayyar farko, tun kafin jirgi. Kowa da tasa, daidai nauyinsa, an rubuta kilo a ciki. Ta babba ba ta yi wa yaro, da ya faɗa ruwa take zamewa ta kansa. Ta yara tana da abin wuya mai ɗaga kai da maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Gwajinta shi ne ka ɗaure ta ka ɗaga yaron ta kafaɗun rigar, in ta haura kunnuwansa ta yi yawa. Mata su ɗaura ta a kan hijabi, a tamke, kuma hijabin ya zama matsakaici. Dogo har ƙasa yana naɗe ƙafa a ruwa, bakinsa kuma bai kamata ya kusanci inji ba. Kai ma ka bar babbar riga a mota. Igiyar kashe inji ta kasance a ɗaure a hannunka kullum, domin in ka faɗa ruwa injin ya mutu maimakon jirgi ya yi ta zagaye da yara a ciki. A jirgin a samu filafili biyu, bokitin kwarfe ruwa a ɗaure, anka da igiyar da ta ninka zurfin wurin tsayawa sau biyar zuwa bakwai, igiyar jefawa mai abin yawo a bakinta, ƙaramar tukunyar kashe gobara, fulogi da farfela na safaya, da waya a cikin leda mai rufi. Anka ta gaba ake ɗaure ta, ba ta baya ba. Tun da kai kana baya riƙe da sandar tuƙi, dole wani babba ya zauna tsakiya da yara. A koya musu ba mai miƙewa, ba mai canja wuri jirgi yana tafiya, kuma in ya kife a riƙe jikinsa, kada a nufi gaɓa da iyo. Wanka da wasa a bakin dam kuma a bar shi, ruwan madatsunmu yana ɗauke da tsargiya.

Game da shawo kan uwargida, ka bar lallashi da baki. Sayo rigunan, ku je Tiga a yi zaman bakin ruwa, ita da Hajiya da autar suna kan tabarma, kai da manyan yaran ku yi hayar jirgin fito mai faɗi na sa'a ɗaya kusa da gaɓa inda take hango ku. Nuna mata lissafin nauyin nan a takarda, ka gaya mata da bakinka cewa jirgin Warri ka fasa shi saboda ya yi kaɗan. In ta ga haka ta ce za ta gwada, madalla. In ta ce a'a, kada ka tilasta, kuma kada ka ɗauki yaran a ɓoye. Mu dai ko ta yarda ba mu ba da shawarar a zuba gida guda cikin jirgi ɗaya a shekararka ta farko da babban inji. A riƙa shiga kashi biyu, 'yar shekara ukun kuma ta jira tukuna. Hayar sau uku ko huɗu za ta kuma nuna maka sau nawa iyalin za su fita a shekara. In bai wuce hutun sallah biyu da ƙarshen zangon makaranta ba, ka riƙe kwalekwalenka don fatsa, ka yi yarjejeniya da mai fito guda ɗaya wanda ka duba jirginsa da idonka, ku riƙa zuwa da rigunanku.